Murucin Saman da Ke Jikin Mangwaron Masallaci

Jama'ar Sabo, manya da yara. Wannan karon ba maganar farashin goro muka zo da ita ba, ba kuma ta kuɗin yashe kwata ba. Magana ce a kan tsiron nan da ke maƙale a jikin mangwaron bayan ƙaramin masallacin layinmu, wanda shekara uku ke nan ana ta ƙananan maganganu a kansa. Wasu sun tambaye mu ido da ido, Allah ya saka musu da alheri. Wasu kuwa a bayan idonmu suka yi tambayar, suka kuma ba kansu amsa. To tunda bana ya yi fure kowa ya gani, bari mu faɗi yadda abin yake tun daga tushe.

Daga wata gonar goro muka samo shi, a ƙasar Ife, wurin wani dattijo Bayarabe da muke sayen gwanja a hannunsa tun muna yaran gida. Iskar farkon damina ce ta kayar da wata tsohuwar bishiyar kwakwar manja a gefen gonarsa. A can wuyanta, inda gindin tsofaffin ganye yake tara datti, akwai wani curi da ya kai girman kwandon goro. Jikinsa sanduna ne masu gaɓa-gaɓa kamar ƙananan rake, wasu sun kai tsawon kamu guda, ganye a can samansu, mai kauri, mai jijiya a tsaye. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne saiwoyinsa. Kashi biyu ne. Akwai masu kauri da suka rungume jikin bishiyar, akwai kuma wasu sirara farare masu tsini kamar allura, duk sun miƙe sama, sun cika da busasshen ganye da tururuwa. Mu dai a iya saninmu saiwa ƙasa take nema. Wannan kuwa sama take kallo.

Yaran gonar sun tara shi cikin shara za su cinna wuta. Muka ce, "Baba, a bar mana wannan." Ya yi dariya ya ce, "Alfa, me za ka yi da afomo?" Afomo a bakinsu shi ne kauci a namu.

To ai wanda ya shekara talatin yana shiga gonar goro ba za a koya masa kauci ba. Kauci tsuntsu ne yake shuka shi. Ya ci 'ya'yansa, ƙwallon mai danƙo ya liƙe masa a baki, ya goge a reshe, ko ya fitar da shi cikin kashi. Daga nan sai ya huda ɓawo ya shige cikin itacen yana shan ruwan jikinsa, wurin ya kumbura kamar ƙari, gaban reshen ya fara bushewa. Furensa ja ne, zubin tsinken ashana. Ba ka raba kauci da reshe sai ka sare reshen, shi ya sa manoman goro da koko suke gaba da shi. Wannan kuwa da muka sa bakin adda muka ɗaga, sai ya ɓantaro gaba ɗaya, jikin bishiyar a ƙarƙashinsa lafiya lau, ko huda ɗaya babu. Zama kawai yake yi a kai, ba ya ci daga jikin maigidansa.

Muka aza shi a saman huhunan goro har Ibadan. Direba yana ta mita wai mun cika masa mota da tururuwa.

Tun ranar da muka sauke shi shawarwari suka fara zuwa. Wani ya kawo tukunya da baƙar ƙasa da takin akuya, ya ce a dasa. Muka ce a'a, a sama muka same shi, a sama za mu mayar da shi. Muka nemo ɓawon kwakwa muka yi masa matashi a inda mangwaron ya rabu biyu, muka ɗaure da tsumman tsohon rawani, don waya ko roba za su yanke saiwa. Kafin ruwan Yuli ya yi ƙarfi sababbin saiwoyi masu koren baki sun fito sun kama ɓawon mangwaro, har muka kwance tsumman.

Rigima ta farko daga kwamitin masallaci ta zo, kuma ba mu ga laifinsu ba. Mangwaron nan ya girme yawancinmu, a inuwarsa yara suke karatun allo, a nan ake zaman sadakar uku da ta bakwai. Wani Alhaji daga cikin dattawanmu ya ce, "Malam, ka ɗauko mana kauci daga daji ka ɗora wa bishiyar marayu." Muka kai shi gindin, muka ce, "Alhaji, sa yatsanka a nan." Ya tura yatsa ƙarƙashin saiwa, ya ji ɓawon da santsinsa. Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi ya ba mu damina ɗaya, in ya ga reshe ɗaya ya bushe da hannunsa zai jefar da shi. Damina uku ke nan, mangwaron yana 'ya'ya yadda ya saba, yara suna jifa yadda suka saba.

A nan za mu ɗan ratse. Mu da aka haifi wasunmu a nan, aka binne iyayenmu a nan, unguwar kanta tana nan tun 1916, amma har yau in rikici ya tashi a kasuwa sai ka ji wani ya kira mu afomo, ai ya kamata a ce mun fi kowa iya duba ƙarƙashin saiwa kafin mu yanke hukunci. To, mu koma kan maganarmu.

Rigima ta biyu ita ce mai nauyi, kuma suna ne ya jawo ta. Akwai wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe da saiwoyi a unguwar nan, wadda ta tashi a ƙasar da giginya take da yawa kafin aure ya kawo ta kudu. Ta zo wucewa ta ɗaga kai, sai ta tsaya. Ta ce, "Malam, ina ka samo murucin sama?" Muka ce, "Iya, kin san shi ke nan?" Ta ce sarai. A wuyan giginya yake fitowa a wajensu, kuma don sandunansa sun yi kama da muruci ake kiransa haka. Sannan ta ƙara da cewa wasu manta-uwa suke ce masa, don a da ana haɗa shi cikin abin da ake ba yaro lokacin yaye, wai ya manta da nono.

Yaran allo suna zaune suna ji. Ɗaya ya ce, "Malam, mene ne muruci?" Cikin su goma sha wani abu, biyu ne kawai suka taɓa cin muruci, su ma da aka je ganin gida. Giginyar ma sai da muka kwatanta musu. Tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Waɗannan ai ba sai an ba su manta-uwa ba." Aka yi dariya, amma mu dariyar ba ta kai mana ciki ba.

Cikin sunayen nan biyu, na biyun ne ya zaga unguwa. Kafin sati ya zagayo labari ya zama wai liman ya rataya manta-uwa a bayan masallaci don masu sayen goro su manta da sauran shaguna. Aka yi rashin sa'a shekarar kasuwa ta ɗan buɗe mana, don mun ajiye daushe sankara ba ta taɓa shi ba, muka sayar a lokacin da ya yi tsada. Sai aka haɗa wannan da wancan. Wata baiwar Allah ta aiko a ɓoye a yanko mata gaɓa ɗaya za ta yaye ɗa. Wata kuma tata buƙatar ta shafi kishiya, ba sai mun faɗa ba. Duk muka mayar da 'yan aiken hannu wofi. Ba ma ba jariri abin da ba likita ya auna ba, juya zuciyar mutum kuwa ba aikin ganye ba ne. Yaye dai yadda iyayenmu suka yi, a kai yaro wurin kakarsa ya sha kunu ya yi kukansa na kwana uku.

Wanda ya fi yi mana ciwo wani maƙwabcin shago ne, abokin cin tuwo na shekaru, da ya daina bin mu sallar Magariba da Isha'i, ya koma wani masallacin. Bai ce mana komai ba. Mu ba limamin Juma'a ba ne, riƙon ƙwarya muke yi in babban Malam ba ya nan ko jiki ya hana shi. Amma ko raka'a ɗaya ka ja mutane, ba ka so a ce akwai mai shakkar abin da ke hannunka. Wasu masoya suka ce, "Malam, ka cire abin nan ka ƙona, magana ta mutu." Muka ce in muka ƙona shi yau, gobe cewa za a yi an kama mu ne muka ɓatar da shaida. Gara a san ko mene ne.

Babban ɗanmu ya ɗauki hotonsa da waya ya sa a wata manhaja da ke gane tsirrai. Sau uku ya gwada, suna uku ta ba shi, ɗaya ma wai rake ne. Sai muka yanko sanda ɗaya tsohuwa da 'yan saiwoyi, muka naɗe a jarida, muka hau acaɓa zuwa Jericho, cibiyar binciken gandun daji ta tarayya. Ga ta nan kusa da mu, amma da yawanmu ba mu taɓa leƙawa ba. Suna da wani ɗaki da ake ajiyar busassun tsirrai, kowanne an manna shi a takarda da sunansa da inda aka tsinko shi, dubbai a cikin kabad-kabad, kamar ɗakin karatu.

Wani ma'aikaci ya karɓe mu da mutunci. Da ya ga saiwoyin nan masu kallon sama sai ya yi murmushi. Ya ce tsiron daga dangin da Turawa ke kira okid ne, dangi babba mai iri kusan 28,000 a duniya, kuma banila da ake sa wa askirim da kek don ƙamshi ɗiyar wani daga cikinsu ce. Da yawansu a kan bishiyoyi suke zama, suna shan ruwan sama da raɓa ta wani farin rufi mai kama da soso da ke jikin saiwarsu. Siraran saiwoyin kuwa kwando ne tsiron ya saƙa wa kansa, ganye ya faɗo ya maƙale ya ruɓe a ciki, ya zama takinsa. Ya ce bisa ga sanduna da kwandon nan, sunansa na ilimi Ansellia africana. Ya kuma nuna mana cewa wani likita Bature, Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kawo sunayen nan da tsohuwarmu ta faɗa. Ashe abin da Iya ta riƙe a ka yana nan a rubuce shekara ɗari da wani abu.

Amma ya ce shi ba ya sa hannu a kan suna sai ya ga fure, don a wajensu fure ne shaida. In shi ne, furen zai fito ruwan ɗorawa mai ratsin kore, da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar fatar damisa, har ma da damisar Turawa suke yi masa laƙabi. Ya ce mu ƙirga: fiffike biyar a baje kamar yatsun hannu, na shida a ƙasa kamar leɓe mai kunne biyu, da ɗan turke guda a tsakiya. Muka dawo muka faɗi wannan a gaban jama'a bayan sallar La'asar, tun kafin a ga komai, don kada gobe a ce bayan ya fito ne muka ƙirƙiro.

Daga nan muka shiga jira, jiran kuwa ya yi tsawo. Rani ya zo ya wuce, babu fure. Wani ranin ya sake zuwa, shiru. Tsiron kuwa sai ƙiba yake yi, ganye kore shar har ya yi duhu, sababbin sanduna kowace damina. Masu magana suka samu abin faɗa: to ina damisar?

Muka zauna muka tuna inda muka same shi. A ƙolin kwakwa yake, rana tana dukansa tun daga hantsi, kuma daga Nuwamba zuwa wajen Maris babu mai ba shi ko ɗigo sai raɓa. A nan kuwa fa? Rassan mangwaro sun ƙaru sun rufe shi. Sannan muka lura da wani abu. Wurin alwala yana dab da gindin bishiyar, kuma jama'a, saboda kyakkyawar niyya, duk wanda ya gama sai ya watsa masa ragowar ruwan buta. Sau biyar a rana, mutum ashirin ko fiye, rani da damina. Yara ma har gasa suke yi a ga wanda ruwansa zai kai sama. Tsiron bai taɓa sanin rani ya shigo ba. Muka koma Jericho da wannan bayani, ma'aikacin ya ce haka ne, irin wannan yana son haske sosai, yana kuma son a bar shi ya huta a bushe, sannan sandar da ta ƙosa ta fitar da kai.

Neman izinin sare reshe ɗaya ta gabas ya ci mana zama biyu da kwamiti. Hana ruwan kuwa ya fi wuya. Muka yi sanarwa cewa daga ɗaukewar ruwan sama kada kowa ya ƙara zuba masa. Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, kai da kake mana wa'azin tausayin dabba da tsiro, yau kai ne mai hana abu mai rai ruwa?" Muka ce, "Baba, goron da ke shagonka ma in ka cika masa yayyafi ruɓewa yake yi." Ya ce wannan daban. Har sai da muka sa almajiri ɗaya gadi, muka kuma matsar da bencin alwala gaba kaɗan.

Da hunturu ya busa sai sandunan suka fara tamoji, ganyen ƙasa suka yi rawaya suka zube, sauran suka koɗe daga duhun kore zuwa kore mai haske. Wallahi akwai safiyar da muka tsaya da buta a hannu muna kallonsa. Muka tuna dai kwakwar Ife ba ta da buta, muka wuce. In muka ga ƙura ta yi masa yawa mukan ɗan fesa masa da baki, irin yadda ake yi wa goro, sau ɗaya a sati ko ma fiye da haka.

Cikin Janairu wani yaro ya shigo shago da gudu ya ce, "Malam, abin nan ya yi tsinke." A kan sanda biyu mafi ƙiba wani kara ya fito daga tsakiyar ganyen ƙarshe, ya yi rassa, ya yi ƙulle-ƙulle kamar ƙananan kuɓewa. Sati uku muna kallo. Ranar da na farko ya buɗe muka sa tsani muka hau da kanmu, da shekarunmu da komai. Fiffike biyar, leɓe ɗaya, turke a tsakiya, ga ɗigon damisa ɓaro-ɓaro, faɗinsa bai wuce a rufe shi da marsar goro ba. Ƙamshinsa ba mai ƙarfi ba ne, sai rana ta ɗaga kake jinsa. Da suka gama buɗewa yara suka ƙirga arba'in da ɗaya, an ce manyan curi a daji kara ɗaya yakan ɗauki har kusan ɗari. Muka kai fure biyu Jericho a cikin kwalba, aka tabbatar.

Sunan nan Ansellia ma yana da labarin da ya shafe mu. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa su hau kogin Kwara, suka kai har wajen Lakwaja da gaba, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikin Turawan. A cikin tawagar akwai wani mai kula da tsirrai, John Ansell. Shi ya ga wannan tsiro a jikin kwakwar manja a tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko, sai masanin tsirrai Lindley ya sa masa sunansa a 1844. A tafiyar nan kuma akwai Samuel Ajayi Crowther da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda bayan dawowarsa ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Su suka rubuta suka sa sunan nasu mutumin. Kakanninmu da ke ganinsa a wuyan giginya sun riga sun raɗa masa nasu.

Makonnin da furen ya yi a buɗe bayan masallaci ya zama wurin kallo. Matan unguwa, 'yan makarantar boko, har maƙwabtanmu Yarabawa daga Mokola. Iya mai sassaƙe ta zo ta daɗe a tsaye, ta ce rabonta da ganinsa tun tana budurwa. Alhajin kwamiti ya ce shi dama bai taɓa cewa kauci ba ne, muka ce haka ne Alhaji. Maƙwabcin shagonmu ya zo da jikarsa ya ɗaga ta ta gani, ya ɗauki hoto. Har yanzu a can yake sallarsa, amma gaisuwa ta dawo, kuma shekaranjiya ya aiko a ba shi canjin dubu.

Wani mai sayar da furanni a bakin titi ya zo ya yi tayin kuɗi mai kauri a kan curin gaba ɗaya, wai yana da mai so a waje. Ba na sayarwa ba ne. Ban da haka ma, jama'a su sani, akwai yarjejeniyar duniya da aka ƙulla a Washinton a 1973, Najeriya tana ciki, wadda ta hana fitar da okid zuwa wata ƙasa sai da takardar izini. Shi wannan ɗin masana sun sa shi cikin tsirran da ke raguwa, saboda masu ɓamɓaro shi don magani da ado, da kuma sare manyan bishiyoyin da yake zama a kai. Namu daga bishiyar da ta faɗi muka tsamo shi, a bakin wuta. Wanda ya gan shi a kan bishiya mai rai ya bar shi a inda yake.

Masu tambayar iri kuma su yi haƙuri, ba a shuka shi kamar gero. Fure ɗaya ya ƙulla kwanso, amma irin da ke ciki gari ne kamar ƙura, ba shi da guzurin kansa, ba ya tsirowa sai ya faɗa inda wata irin funfuna take da za ta ciyar da shi. Hanyar da ta fi ita ce a raba curin, kowane kashi da sanda uku ko huɗu da saiwarsu, kuma sai farkon damina in sababbin saiwoyi sun fara leƙowa. Curin namu zai ba da kashi biyu ba tare da ya ji jiki ba. Ɗaya mun yi wa makarantar Islamiyya alkawari, za a ɗaura a jikin bishiyar da ke filinsu, da sharaɗin malamai su rubuta sunayensa uku a allo a rataya a ƙasa. Ɗayan na dattijon Ife ne. Da muka nuna masa hoton ya daɗe yana kallo, ya ce shekara nawa abin yana saman kansa bai taɓa ɗaga ido a lokacin da ya dace ba, a dawo masa da rabonsa. In Allah ya kai mu Afrilu, tafiyar sayen goro ta farko da shi za mu tafi.

Mun aika Arewa a sako mana muruci cikin motar da za ta dawo, yaran allo su ɗanɗana.